Wurin Zalɓe Aka Ba Ilu

Ban taɓa zaton zan yi furfura in zauna ina jin haushin mutum a kan wasan yara ba, amma ga shi ina ji, kuma ba zan yi maku ƙaryar cewa ba na ji ba. Da Ilu nake, abokina tun muna kiwon awaki a bayan gari. Wasu samari ne a Kusada suka ɗauko tsohon gem ɗin faɗa da muka yi yayinshi muna matasa, suka buɗe cikinshi da kwamfuta, suka sassake shi, suka mayar da shi na 'yan dambe, da kalangu da kirari da komai. Wannan bai dame ni ba, Allah ya ƙara masu basira. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne sun sa Ilu a ciki, da muryarshi da tumbinshi, mutumin da a iya sanina bai taɓa cin turmi ɗaya a gem ɗin nan ba. Ni kuwa da na gagari samarin Kankiya kaf, babu ko mai tuna an yi ni.

A Sukuntuni muka tashi, kuma wanda duk ya tashi can a zamaninmu ya san yaro ba shi da ranar kanshi. Kafin idonka ya gama buɗewa ka ji luguden taɓare yana tashi daga gida zuwa gida, jakai na kuka, guga na bugun bakin rijiya. Da damina noma ne, a gama na fari a shiga maimai. Da rani jidar taki a mangala, da ɗebo ruwa, da gyaran danga. Mahaifina, Allah ya jiƙanshi, ba mai yawan magana ba ne. Abin da na fi ji daga bakinshi shi ne in gama aikina tukuna, sannan in je in yi haukata. Haukar tamu kuwa a Kankiya take. Sai mu yanki ciyawa da lauje, ni da Ilu, mu ɗaure a bayan keke, ɗaya na tuƙi ɗaya na bi da gudu ana canji, mu kai wa masu turkar raguna a cikin gari. Abin da muka samu ba ya kwana a aljihu.

Wani tela ne a bayan tasha ya ture keken ɗinkinshi gefe ya ajiye talabijin a kan tebur, shi ke nan aka samu gidan gem. Ɗaki ɗaya ne, labulenshi buhu, ɗan injin wuta na tari a waje, ciki warin fetur da zufa. 'Yan matan Fulani masu tallan nono sukan ajiye ƙorensu a gindin darbejiyar ƙofar, suna kallonmu muna turereniya suna ta dariya ƙasa-ƙasa. Kaset ɗin sai tela ya hura mashi iska, ya goga a rigarshi, kafin ya yarda ya kama. Benci ɗaya ne a gaba, mai ɗaukar mutum biyu, sai abin dannawar nan mai igiya da muke ce wa hannu, shi ma biyu. Dokar ɗakin kuwa ko yaron goye ya san ta: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi ya miƙa hannu ga na bayanshi. Ba roƙo, ba a sake. Mutum zai yini a layi, ya zauna, kafin bencin ya ji ɗuminshi an tashe shi.

Sunayen mayaƙan cikin gem ɗin ba su faɗuwa a bakinmu, saboda haka Ilu ya raɗa masu namu. Ƙaton nan mai tumbi ya zama Mahauci, macen ta zama Uwar Gayya, mai kaki ya zama Yallaɓai. Akwai wani siriri mai dogayen ƙafafu a can ƙuryar jerin, wanda naushi kaɗan ke kayar da shi, Ilu ya ce wannan Zalɓe ne. Ba mai ɗaukar shi sai bisa kuskure. Ni ma kuskuren ne ya kai ni, amma a cikin kokawar neman tsira yatsana ya zame wata irin zamiya, sai na ga siririn nan ya yi sama, ya sarƙe wuyan Mahauci da ƙafafu, ya maka shi da ƙasa. Ban san yadda na yi ba. Damina guda na ɗauka ina neman hanyar. Sai ka murza babban yatsa daga baya, ka gangaro ƙasa, ka ture gaba, ka danne madanni biyu a tare, duk a cikin numfashi ɗaya. A kan ƙotar fartanya nake gwadawa, a kan bakin akushi, a kan gwiwata bayan an idar da salla. Mahaifina ya ga yatsan na motsi ya zaci tasbihi nake ja, har ya yaba wa mahaifiyata cewa yaron nan ya fara hankali. Yatsan ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Daga nan in na zauna a bencin nan sai in ni na ga damar tashi, kuma daga tasha har bakin kasuwa ba mai kirana da sunan yanka, sai Zalɓe.

Ilu kuwa wasanshi abin tausayi ne. In ya karɓi hannu sai ya runtse ido ya danne komai gaba ɗaya yana ƙyalƙyala dariya, a tashe shi, ya koma baya yana share hawaye. Wata rana da marka aka yi wata tsawa da ta ƙone sifikar talabijin ɗin, hoto na nan, murya ta tafi. Tela ya ce shi ba zai ɗauki talabijin a wannan ruwa ya kai Katsina gyara ba, mai son yi ya yi a haka. Muka zauna muna faɗan kurame, abin ba daɗi, sai ƙarar madanni da tarin inji. Can sai na ji daga bayana an ce “ɗim!” daidai lokacin da naushina ya sauka. Ilu ne. Kafin sati ya zagayo ya zama shi ne sifikar. Yana yin nishin Mahauci, yana yin ihun Uwar Gayya da siririyar murya har 'yan matan nono su leƙo, yana kaɗa kalangu da baki, yana yi wa kowa kirari, yana yi wa wanda aka tasa zambo har gida. Da aka zo aka gyara talabijin ɗin, mutane da kansu suka ce a rage muryar. Ni a lokacin daɗi nake ji. A ganina ni ne ɗan damben, shi makaɗina ne, kuma ban taɓa jin an tuna makaɗi an manta wanda ake yi wa kiɗan ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar ɗan makarantar nan da ya taho hutu daga birnin Katsina, da agogonshi da farin takalmi. Da kaset ɗinshi ya zo, na jabu, wanda wasu can a wata ƙasa suka taɓa cikinshi. Gem ɗinmu ne, amma ya haukace: wuta ta cika fuskar talabijin, mutum na sama sai ya rikiɗe ya zama wani, gudun komai ya ninka. Ranar na fara sanin ashe gem ma ana iya buɗe shi a sake mashi hali. Yaron nan ya zauna ya yi ta tasar samarin gari ɗaya bayan ɗaya yana hamma. Sai da aka aika da keke har gona aka ɗauko ni, ƙafata duk taɓo. Ya dube ni ya dubi wanda na zaɓa, ya yi wani murmushi da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ci turmin farko, na ci na biyu. A na ƙarshe saura ƙiris a kashe ni, na rufe baki na murza yatsa, Zalɓe ya keta cikin wutar nan ya kama wuya. Ɗakin ya kusa rushewa. Sai dai abin da ban lura da shi ba a lokacin, ɗakin bai ɗauki ko rubu'in waɗanda suka taru ba. Sauran suna waje har bakin titi, ba su ga komai ba. Muryar Ilu suka ji tana faɗa masu abin da ake ciki, kuma ita suka tafi da ita gida.

Yau ɗakin nan caja da katin waya ake sayarwa a ciki, tela ya daɗe da rasuwa, darbejiyar ma an sare ta. Na yi aure, na aurar, ina nomana ina ɗan saye da sayar da hatsi. Ilu ya zama dillalin dabbobi, aikin da ya dace da bakinshi. Yaran yanzu kuwa kowa da wayarshi a gindin bishiya, kai a sunkuye, ba layi, ba turereniya. A ci yaro, ya danna, ya sake. Ba ya tashi ya ba kowa wuri, ba mai yi mashi zambo, ba ya tafiya gida da abin a cikinshi ya kwana yana juyi. Ina kallonsu in ce ba su san daɗin abin ba, amma in zan faɗi gaskiya har da hassada a ciki, don abin da muke yanka ciyawar yini guda saboda shi, su yana aljihunsu.

Bayan an gama girbin bana ina zaune a ƙofar gida sai na ji Ilu na kirari. Na waiga ban ga kowa ba sai jikata, 'yar wajen babban ɗana, da wayar ubanta a hannu. Na ce, amarya, kawo in gani. Gem ɗinmu ne, na gane shi daga tsayuwar mutanen. Amma an share garuruwan Turawan da ke baya an zana filin dambe, ga rumbuna, ga 'yan kallo, ga mai rake. Mahauci ya ɗaure hannu da kara, igiyar nan ta 'yan dambe, Uwar Gayya ta sha ɗankwali. Duk naushin da ya sauka, bakin Ilu ne ke cewa “ɗim”. Na ce ta koma inda ake zaɓen mutum. Na bi fuskokin da yatsa har ƙuryar da na sani, sai na ishe Ilu a wurin yana washe wawulonshi, an rubuta Kawu a ƙasa. Na sake bi daga farko. Zalɓe ba ya nan.

Ban yi barcin kirki ba sai da na hau mashin na tafi Kusada. A gida na ce zan je duba ɗiyata da ke aure can. Mai aikin ashe Nafi'u ne, ɗan ƙanwar Ilu, magidanci mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi da abokanshi, ɗaya mai zane, ɗaya makaɗin kalangu daga ƙauyen Boko. Yaron kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinshi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya share mani kujera, ya aika aka kawo ruwan sanyi. Na tambaye shi inda suka kai siririn. Ya ce wuraren da ke cikin gem ɗin a ƙayyade suke, ba a sa wani sai an cire wani, su kuma sun duba sun ga ba mai ɗaukar wannan.

Na ce, “Kawunka bai gaya maku wanda ke ɗaukar shi ba?”

Ya ce, “Ya faɗa, Baba. Kullum sai ya faɗa. Ya ce ba a yi kamarka ba a ƙasar nan.”

Da ya ce Ilu ya ɓoye, da na fi jin sauƙi, don da na san wanda zan riƙa. Nafi'u ya kunna tsohon gem ɗin a kwamfuta, na asali, ya jona hannu ya miƙo mani da hannu biyu. Na ɗauka zan ji kunya, amma yatsan bai manta ba. Ina murzawa Zalɓe ya tashi. Samarin suka yi ta masha Allah, ɗaya har da riƙe baki. Sannan Nafi'u, cikin son ya faranta mani, ya ce ai wannan kamun ba su zubar da shi ba, sun ga yana da kyau sun bar wa Kawu. Sai dai da yake fuskar waya ba ta da madanni, yara ba za su iya murzar nan ba, sun mayar da shi taɓawa ɗaya. Ya nuna mani. Ya ɗora ɗan yatsa a kan gilashi, Ilu da tumbinshi ya yi sama ya sarƙe wuyan Mahauci. Na sha ruwan nan ban ji sanyinshi ba.

Ina jin ya ga abin a fuskata, don nan take ya ce za su gyara. Za su cire Yallaɓai su sa ni, ni da kaina, da sunan Zalɓe, in dawo ranar kasuwa a ɗauki hotuna. Na dawo Sukuntuni ina jin kaina kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na faɗa a majalisa, na faɗa wa mai shayi. Ranar kasuwar na fito da shaddata ta salla, uwargida ta turara ta, na kafa hula, na yi gyaran fuska. Ni a sanina hoto abu ne da mutum ke shiga da mutuncinshi.

A bayan rumfar Nafi'u sun rataya koren zane a bango, sun shimfiɗa tabarma. Labari ya riga ni isa, mutane sun taru, cikinsu har da mijin ɗiyata da mahaifinshi. Ilu na gefe a kan benci yana shan fura. Nafi'u ya matso ya yi mani bayani a hankali. Ba hoto ɗaya ba ne. Sai an ɗauki tsayuwa, da naushi, da shuri, da yadda mutum ke yi in an nushe shi a ciki. Sai na cire babbar riga da hula an ɗaure mani hannu. Kuma a ƙarshe sai na kwanta a tabarma, ƙafafu sama, baki buɗe, a ɗauki faɗuwata. Na dubi tabarmar, na dubi surukina da ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin. Yaron nan gaba gare ni yake durƙusawa in sun samu saɓani da ɗiyata. Na ce a ɗauki sauran, a bar faɗuwar.

Nafi'u ya ce, “Baba, ba ya yiwuwa. Duk wanda ke ciki ana kada shi. In babu hoton faɗuwa, gem ɗin tsayawa yake.”

Na ce, “Ni ba a kada ni ba.”

Ilu ya ajiye ludayi ya ce, “Haba Zalɓe, faɗi mana, ƙasa ce fa. Ni sai da na yi ta faɗuwa har bayana ya ƙage.”

Shekaru da yawa ban ji an kira ni da sunan nan ba, kuma da na ji shi a bakinshi sai raina ya ƙara ɓaci. Shi me ya rage mashi? Tun yana yaro faɗuwa yake yana dariya, ita ce sana'arshi. Na ce ba zan cire riga ba, ba zan kwanta ba. Nafi'u, don kada in tafi da kunya, ya ce ba komai, in tsaya yadda nake, in buɗe hannuwa, in kuma haɗa su. Na yi. Na zaci tsayuwar wanda ya ci ce.

Da sabon gem ɗin ya fito, Yallaɓai na nan a wurinshi, Kawu na nan a ƙuryarshi. Ni kuwa sun sa ni, ba su yi ƙarya ba. Ina can baya cikin 'yan kallo, tsakanin mai rake da wani jaki, da shaddata da hulata, ɗan mitsitsi, ina buɗe hannu ina haɗawa. Ba a zaɓa ta, ba a bugu na, ba ni da suna. Gem ɗin ya bi wayoyi daga Kusada zuwa Fakuwa, an ce har Katsina ana yin shi. Ilu in ya shiga karar dabbobi yara ke bin shi suna Kawu, Kawu, yana yi masu “ɗim” suna watsewa da dariya. Ni in na wuce sai in ji suna raɗa, ga Mai Tafi nan. Ilu bai yi mani komai ba, na sani, kuma wannan ne ya fi ci na. Har goro ya kawo mani, ya zauna ya ce koren zanen na nan ba a cire ba, in ina so mu je da sassafe ba kowa, shi zai tsare ƙofa. Na ce zan duba. Tun daga ranar in zan je wurin ɗiyata ta bayan gari nake bi.

Shekaranjiya da la'asar jikata ta zo ta zauna a tabarmata da wayar, ta ce, Mai Tafi, matsa mani. Na ce ta kiyaye ni ko in sake ta in auro wata. Na yi kamar ba na kallo, har dai na kasa. Na ce mata ta ɗauki Mahauci, ta nemo mani Kawu, ta kada shi ko sau ɗaya ne in gani. Ta ce Kawu wuya gare shi, kamunshi ba a tsere mashi. Na ce ta dai gwada, zan gaya mata lokacin da za ta ja baya, ai ni na san kamun. Ta gwada. Na ce ja, ta ja, amma sun ƙara mashi sauri, kafin ta ɗaga yatsa ya kama wuya ya maka Mahauci da ƙasa. Dariyar Ilu ta fito daga wayar ta cika zauren. Na kai idona can baya, kusa da jakin, na ga kaina a tsaye cikin shaddar salla ina tafa mashi. Na ce ta kashe. Ta ce bari a gama turmin, ta sake dannawa, ni kuma na ci gaba da tafi.